Ra'ayinmu: Wa Ya San Abin Da Ke Cikin Siton Maƙwabcinsa?

Duk wanda yake Madina a daren Asabar, 7 ga watan Oktoba na shekarar 2017, ba ya bukatar a tuna masa abin da ya auku a mahaɗar Atomic Junction. Wata tanka ce take sauke iskar gas a wani gidan gas da ke bakin titi, iskar ta ɓalle ta bazu, kafin a ce kwabo ta haɗu da wuta. Ƙarar ta girgiza gidaje, harshen wutar ya haska sama har mutanen unguwanni masu nisa a birnin Ankara suka hango shi, ɗaliban jami'ar Legon suka fito daga ɗakunansu a guje. Wutar ta tsallaka gidan man da ke maƙwabtaka, ta cinye motoci da rumfuna. Hukuma ta ce mutum 7 suka rasu, 132 suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Ba a daɗe ba sai surutu ya cika gari, wai wutar wani mai tsire ce ta jawo. Mu dai mun san su wane ne masu tsire a Ankara, mun kuma san yadda laifi yake neman ƙaramin mutum ya sauka a kansa. To ko da ma hakan ne, tambayar da ta kamata a yi ita ce, wa ya ba da izinin a tara wannan uban gas a wurin da masu abinci suke hura wuta, motocin haya suke lodi, 'yan makaranta suke tsallaka titi safe da yamma? Mai tsire dai bai sa hannu a takardar kowa ba.

Gwamnatin wancan lokaci ta yi rawar gani a baki. Cikin mako guda majalisar ministocin Shugaba Nana Akufo-Addo ta ba da umarnin a binciki gidajen gas, a rufe masu haɗari sosai cikin kwana 30, a dakatar da gina sababbi, kuma cikin shekara ɗaya a koma tsarin musayar tukunya. Ma'anar tsarin ita ce a riƙa cika tukwanen gas a manyan wurare nesa da jama'a, mai gida ya kai tukunyarsa da ta ƙare a ba shi cikakkiya. Shekara ɗaya aka ce, amma sai a 2023 Hukumar Man Fetur ta Ƙasa, wato NPA, ta fara aiwatar da tsarin a Ankara da Kumasi, kuma ɗura gas a cikin unguwa bai daina ba. Kar a manta, shekara biyu da 'yan watanni kafin Atomic Junction, a daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta ɗauko man da ya tsiyaye daga gidan mai na GOIL a Kwame Nkrumah Circle, wuta ta bi shi a kan ruwa, mutum sama da 150 suka halaka, da yawansu sun fake ne daga ruwan sama. A lokacin ma an yi kuka, an yi alkawari.

Amma ba wuta ce ta sa muka ɗauko wannan magana ba. Wuta tana da ƙara, tana da hoto, ministoci suna zuwa wurinta da 'yan jarida a bayansu. Abin da ya dame mu shi ne abin da yake faruwa a sauran ranakun da babu wuta: iskar da take fitowa daga tanki da duro da jarka da buhu, ta bi ta taga ta shiga ɗakin da jariri yake barci. Wannan ba ta da ƙara. Sai dai ciwon kai da ba ya jin magani, da tarin da ake ɗora wa hunturu, da ido mai ruwa, da mai asma da take kwana a zaune.

Duk wanda ya san Nima da Maamobi da Madina Zango ya san yadda muke zaune. Gida ɗaya, iyali goma ko fiye, ɗaki yana jingine da ɗaki, lungu ba ya wuce mutum biyu su gifta juna. Ɗakin da yake fuskantar titi ya zama shago, na bayansa ya zama sito, na bayan siton kuwa a nan wata baiwar Allah take kwana da 'ya'yanta. Sau da yawa bangon da ya raba su bai kai rufi ba, ko kuma silin ɗaya ne ya haɗa su. A cikin siton ana iya samun maganin feshin ciyawa, da maganin ƙwari, da fenti da ruwan tsinka shi, da ruwan batir, da garin kulorin, da takin zamani, wani lokacin har da jarkunan fetur, duk a ƙarƙashin kwanon da rana ta gasa tun hantsi. Zafi kuwa shi ne yake tayar da tururin waɗannan kaya, ko an rufe bakinsu ko ba a rufe sosai ba.

Ba tsoratarwa muke yi ba. Tururin fetur yana ɗauke da wani sinadari da ake kira benzin, wanda masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka daɗe da tabbatar da cewa yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa idan ta ɓalle ba ta tashi sama, sai ta bi ƙasa ta kwanta a kwata da rami tana jiran tartsatsi. Asalinta ma ba ta da wari, da gangan ake zuba mata warin nan don hanci ya yi gargaɗi. Ke nan wanda ya saba da jin warin gas a ƙofar gidansa, har ya daina kula, ya saba ne da gargaɗi. Magungunan ƙwari irin su Sniper kuwa jijiyoyi suke taɓawa, suna kawo dalalar yawu da ƙuncin numfashi, kuma ta hanci da fata ma suna shiga, ba sai an sha ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa barkatai, kuma 'yan kasuwar kan iyaka sun fi kowa sanin cewa kayan da aka matsa wa a wannan gefe ba ya rasa hanyar wancan gefen.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne ƙwayar nan da 'yan hatsi suke jefawa cikin buhun wake da masara, wadda wasu suke kira bom. Da zarar ƙwayar ta ji laima a iska sai ta fara sakin wata guba mai suna fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. An yi ta ne don rumbun da aka toshe ruf, wanda babu mai kwana kusa da shi. A watan Afrilun 2018, a unguwar Abavana Down, nan kusa da Kotobabi, tafiyar 'yan mintoci daga Maamobi, yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya mai suna Topstoxin a ɗaki don kashe kyankyasai. Iyayen ba mugunta suka yi ba, magani suka saya kamar yadda kowa yake saya. Yanzu mai karatu ya tambayi kansa: buhu nawa na wake mai ɗauke da wannan ƙwaya ne suke kwana a siton da bango ɗaya ya raba shi da ɗakin barci, daga Bawku zuwa Madina, daga Dawanau zuwa Jibiya? Gubar ba ta san bango ba. Tana bi ta tsaga da ƙarƙashin ƙofa, tana kuma taruwa ƙasa-ƙasa, inda ake shimfiɗa wa yara tabarma.

A nan ne dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Manyan kamfanoni suna da nasu laifin, hukuma tana da nata, amma yawancin sitocin da muke magana a kai namu ne. Mu ne muke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema mu nufi Paga ko Kulungugu da su, mu ne muke shigo da su ta Aflao, kuma kafin mota ta cika, kayan a Zango suke kwana, a ɗakin ɗan'uwa ko na mai masauki. Mu ne muke juye maganin feshi daga jarkarsa ta asali zuwa gorar ruwa wadda ba ta da ko rubutu, saboda mai saye ba shi da kuɗin lita guda. Yaron shago da yake wannan juyi da hannu tsirara, ba ƙyalle a hanci, yawanci ɗan ƙaninmu ne da aka aiko daga gida ya koyi kasuwanci. 'Yan dakon da suke ɗaukar kayan a ka, har da matan nan da ake kira kayayo, masu goyo a baya, ba wanda yake gaya musu abin da yake cikin kwalin.

Masu bin hanyar Kwatano ba su manta da Seme-Krake ba. Ranar 23 ga Satumba, 2023, wani siton fetur na fasa-ƙwauri a wannan gari na kan iyakar Benin da Nijeriya ya kama da wuta, mutum sama da 30 suka ƙone. Siton ba ɓoyayye ba ne. Masu babur da masu mota suna shiga suna fita da rana tsaka, maƙwabta suna shaƙar warinsa dare da rana. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, domin abincin wani ne, kuma ba a son a zama sanadin toshe wa mutum hanyar abinci. Mun fahimci wannan kara, a cikinta muka tashi. Sai dai maƙwabcin da yake shaƙa shi ma yana da hakki, kuma malamanmu ba su taɓa gajiya da karantar da mu girman hakkin maƙwabci ba.

To ina doka? Doka kam akwai ta, har ta yi yawa. Tun 1994 Gana ta yi dokar da ta ba Hukumar Kare Muhalli, wato EPA, iko, kuma ba a yarda mutum ya shigo da maganin ƙwari ko ya sayar da shi ba sai da lasisinta. A 1999 aka fito da ƙa'idar da ta wajabta neman izinin muhalli kafin a kafa duk wata sana'a da za ta iya cutar da kewayenta, har da tanadin a saurari jama'a idan suka nuna ƙin amincewa sosai. A 2016 aka yi dokar sharar mai guba da ta kayan lantarki, aka kuma yi dokar tsara filaye da gine-gine. A farkon 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar muhalli mai lamba 1124, wadda ta tattara wasu daga cikin tsofaffin dokokin ta kuma ƙara wa hukumar ƙarfi. Matsalar ita ce takardun sun rarrabu. Izinin muhalli yana hannun EPA, lasisin mai da gas yana hannun NPA, takardar kariya daga gobara tana hannun 'yan kwana-kwana, izinin gini da na buɗe shago yana hannun ƙaramar hukuma. Idan abu ya faru kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Mai unguwa da limami da matar da take ɗakin baya kuwa, su da za su shaƙa, ba su da takarda ko ɗaya da ake neman sa hannunsu.

Masu gidajen mai da gas sukan ce su suka riga zuwa, gidaje ne suka biyo su. A wasu wurare gaskiya ne. Amma Madina tun 1959 take, Nima ta girme ta, kuma ko ma wane ne ya riga wani, ofishi ɗaya ne yake ba da izinin ginin gida da na ginin tanki. Idan gari ya cim ma tanki, sai a sake duba lasisin tankin. Ba a cewa gari ya koma baya.

Akwai kuma abin da muke tsoro, kuma muna so hukuma ta ji shi da kyau. A ƙasar nan, da zarar an ce za a tsabtace wuri, abin da talaka yake gani shi ne katafila da asuba. Agbogbloshie ta ishe mu misali. Shekara da shekaru samari, yawancinsu daga arewacin ƙasar, suna ƙona wayoyin lantarki don fitar da jan ƙarfe, suna fasa batir, baƙin hayaƙi mai ɗauke da dalma da sauran guba yana sauka a kan kasuwar albasa da ta doya. A 2013 wasu ƙungiyoyin muhalli na waje suka sa wurin cikin wurare goma mafiya gurɓata a duniya. A watan Yulin 2021, ƙarƙashin ministan yankin Ankara na lokacin, Henry Quartey, aka rushe filin 'yan gwangwan, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku, inda 'yan'uwanmu masu kawo albasar Galmi suka koma sauke kaya. Shin ƙonawar ta tsaya? Sana'ar watsewa ta yi, wani sashe ya tsallaka cikin Old Fadama, wani ya shiga wasu unguwanni, kusa da ɗakunan kwana fiye da da. Haka za a yi da sitocin Zango idan aka zo da kulki kawai. Mai kaya zai ɗauke su daga shagon da ake gani ya tura su ƙarƙashin gado, inda ba jami'in da zai taɓa leƙawa.

Don haka mu a wannan jarida muna ganin abin da ya fi gaggawa shi ne a san abin da yake ina. Ƙananan hukumomin La Nkwantanang-Madina, da Ayawaso ta Gabas mai kula da Nima, da Ayawaso ta Arewa mai kula da Maamobi, suna da ma'aikatan da suke bin shago-shago karɓar kuɗin izinin sana'a duk shekara, ba sa ɓatan hanya. Ƙafar da ta iya zuwa karɓar kuɗi za ta iya zuwa rubuta irin kayan da yake cikin sito, da yawansa, da ko akwai mai kwana a bayan bangon. A ba 'yan kwana-kwana kwafin wannan rajista, domin akwai kayan da zuba musu ruwa yake ƙara ta'azzara su, ƙwayar bom na cikinsu. A ba asibitocin unguwa, don likitan da aka kawo wa yaro yana amai da ƙuncin ƙirji cikin dare ya san abin da zai fara tambaya. A kuma liƙa ta a fadar sarkin Zango inda kowa zai iya gani. Amma a yi alkawari a fili, kuma a cika, cewa wanda ya kawo kansa aka rubuta shi za a ba shi wa'adin gyara, ba tara za a fara yanka masa ba. In ba haka ba, ba wanda zai fito.

Rubutawa kaɗai ba ta isa ba. Amoniyam naitiret tan 2,750 da ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Bairut ranar 4 ga Agusta, 2020, ya kashe mutum sama da 200, yana cikin takardun hukuma kusan shekara shida, jami'ai suna ta aika wa juna wasiƙu a kansa. Dole a samar da inda za a kai kayan. Ɗan kasuwa ba don son ransa yake ajiye maganin feshi a gida ba, don babu sito mai araha kusa da kasuwa ne, kuma yana tsoron ɓarawo. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya yi ayyukan filayen ƙwallo da fitilun titi da azuzuwa, ba mu raina ba. Muna ganin siton haɗin gwiwa a gefen kasuwar Madina da sauran manyan kasuwanni, mai tagogin shan iska, da daɓen siminti, da ɓangarori daban na taki da na mai da na maganin ƙwari, da mai gadi, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa za ta riƙa gudanarwa tana karɓar ɗan kuɗin haya, shi ma raya Zango ne. Haka nan a garuruwan kan iyaka, inda manyan motoci suke kwana biyu ko uku suna jiran takardun kwastan, ya kamata a ware wa masu ɗauke da mai da gas da sinadarai filinsu nesa da masu shayi da masu tuwo. Mutanen Appiatse da ke yankin Yamma sun ga abin da mota guda mai ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta yi wa garinsu ranar 20 ga Janairu, 2022.

Sai kuma batun sabon lasisi da sabunta tsoho. Kada a ba gidan gas ko babban siton sinadarai takarda a cikin unguwa sai an yi zama da mutanen unguwar, a cikin unguwar, da harshen da suke ji. Sanarwar Turanci a shafin ciki na jarida ba ta kai wa tsohuwar da take sayar da koko a bakin lungu. A yi shelar a masallaci da coci da gidajen rediyon unguwa, da Hausa da Ga da Tuwi da Dagbani. Na'urorin auna iska ma, waɗanda galibinsu ƙura da hayaƙin titi suke aunawa, a samo masu jin tururin mai da gas a kai su kusa da manyan wuraren ajiya, a kuma riƙa faɗin sakamakon a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin sidi da sefa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya jiran kowa. Shugabannin 'yan hatsi da na 'yan magungunan gona za su iya yanke wa kansu doka cewa ba a sa ƙwayar bom a ginin da mutum yake kwana, ba a sayar da ita ƙwaya-ƙwaya ga mai neman maganin ɓera ko kyankyaso, ba a kuma juye maganin feshi a gorar ruwa. Ƙungiyar da take iya hana mutum cin kasuwa saboda ya ci amanar abokin ciniki za ta iya hana shi saboda wannan. Masu gidajen haya su riƙa tambayar abin da za a ajiye kafin su miƙa makulli. Muna kuma roƙon ofishin Babban Limamin Ƙasa da majalisun sarakunan Zango su sa a ware huɗubar Juma'a guda a kan wannan batu kafin lokacin ajiye sabon wake da masara. Wanda kuma ya ji warin gas ya yi ƙarfi a lungunsu, kada ya kunna ko ya kashe fitila, kada ya tayar da babur, ya fitar da yara zuwa inda iska take busowa, sa'an nan daga nesa ya kira 112 ko 192.